Fim ɗin Pina da aka ɗauka bayan rasuwar mai shi

Tarihinmu na wannan mako daga Jamus yake.

Rawa ba ta barin rubutu. Da an watse daga dandali, abin da ya rage yana jikin masu rawar ne kawai. Wannan ce ta daɗe tana ci wa Wim Wenders tuwo a ƙwarya. Shi mai shirya finafinai ne, ya fara ganin aikin Pina Bausch a 1985, wani wasa mai suna Café Müller, inda masu rawa ke tafiya ido rufe a cikin ɗaki cike da kujeru, wani mutum na ta ture kujerun don kada su yi karo. Daga nan suka yi alkawarin za su yi fim tare.

Pina haifaffiyar garin Solingen ce a 1940, kuma daga 1973 har rasuwarta ita ta jagoranci ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal. Ba ta cika ce wa mai rawa ya ɗaga ƙafa nan ko ya juya can ba. Tambaya take yi, kan soyayya ko tsoro ko kewa, mai rawar ya amsa da jikinsa, ita kuma ta tsince abin da ya yi mata. Har dandalin ma ba ta barinsa fili: a wani wasa na 1975 ƙasa aka shimfiɗa, a wani na 2006 ruwa ne ke zuba kan wani ƙaton dutse.

Wenders ya kwashe sama da shekara ashirin yana jan ƙafa, don a ganinsa kyamara tana baje rawa ta zama hoto marar zurfi. Sai a 2007, da ya ga fasahar 3D, ya ce ga hanya. Ana dab da fara ɗauka, ranar 30 ga Yuni 2009, Pina ta rasu, kwana biyar bayan an gano tana da ciwon daji. Ya soke aikin. Masu rawarta ne suka matsa masa ya dawo.

A nan fim ɗin ya canza, kuma ni a ganina nan ya fi armashi. Tunda babu ita, Wenders ya ari salonta: ya tambayi kowane mai rawa game da Pina, su kuma suka amsa da rawa, a bakin titi, a cikin masana'anta, har cikin jirgin birnin nan mai tafiya a rataye, wanda aka buɗe tun 1901. A hirarrakin kuwa ba a ganin bakinsu na motsi. Suna zaune shiru suna kallon kyamara, muryarsu na fita daga baya.

An fara nuna fim ɗin a bikin finafinai na Balin a watan Fabrairu 2011. A shekarar da ta biyo baya ya shiga takarar Oscar, amma bai ci ba.