Malamin Ba da Shawara a Makarantun Gwamnati

Malamin ba da shawara shi ne malamin da aka horar domin ya saurari ɗalibai, ya kuma taimaka musu kan karatu, zaɓen sana'a da damuwar rayuwa. A Najeriya aikin ya samo asali ne a 1959, a makarantar St. Theresa da ke Ibadan, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi a makarantu.

Aikinsa ya fi fitowa fili a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, inda yake duba sakamakon ɗalibi da abin da ransa ke so, kafin a tura shi ajin kimiyya, adabi ko kasuwanci. Shi ke wayar da kan 'yan aji shida na sakandare kan jarrabawar WAEC, NECO da JAMB. Riƙe sirri wajibi ne a kansa.

A garuruwa irin su Udubo, a ƙaramar hukumar Gamawa, aikin kan kai shi zauren gidan iyaye: yaron da gona ta ɗauke da damina, ko yarinyar da talla ko aure ke neman raba ta da aji. Sau da yawa malamin aji ne ake ɗora wa wannan nauyi, ga kuma darasinsa na jiransa.