Zangon Jamusawa a Venice: Tsohon Gini da Sabuwar Haja

A gefen gadar Rialto, a bakin babbar hanyar ruwan da ta ratsa birnin Venice na ƙasar Italiya, akwai wani gini mai hawa huɗu da ake kira Fondaco dei Tedeschi, wato masaukin fataken Jamus. A shekarar 2016 aka buɗe shi a matsayin katafaren kantin tufafi, jakunkuna da turaruka masu tsada. An yaba wa masu aikin cewa sun haɗa tsohon gini da sabon tsari ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Amma wanda ya bi tarihin gidan zai ci karo da tambayoyi biyu: mene ne ainihin tsohon da aka adana, kuma domin wa aka adana shi?

Kalmar fondaco daga Larabci ta fito, daga funduƙ, masaukin da fatake ke sauke kaya su kwana, kusan abin da Bahaushe ke kira zango. An gina na Jamusawa a 1228. Hukumar Venice ta wajabta wa 'yan kasuwar da suka tsallako duwatsu daga garuruwa irin su Nuremberg da Augsburg su sauka a nan, su ajiye hajarsu a nan, su yi ciniki ta hannun dillalan da ita ta naɗa. Sukan zo da azurfa da jan ƙarfe, su koma da kayan yaji, auduga da alharini da jiragen Venice suka kwaso daga gabas. Gidan masauki ne, rumbu ne, kuma tarkon haraji ne, domin ba abin da zai shiga ko ya fita hukuma ba ta ɗauki rabonta ba.

Wannan riba ce ta sa da gobara ta cinye gidan a 1505 ba a yi jinkirin tayar da shi ba; zuwa 1508 an kammala. Tsarin da aka ba shi a lokacin shi ne har yau: faffaɗar tsakar gida, baranda mai ƙofofi lanƙwasassu a kowane hawa, ɗakuna a bayan barandar, sai mashiga ta bakin ruwa inda kwale-kwale ke sauke kaya. Fitattun masu zane biyu, Giorgione da Titian, suka ƙawata bangayen waje. Iskar teku mai gishiri ta cinye zanen, ɓurɓushinsa kawai ya rage a gidajen tarihi. Abin da ya fi zanen daɗewa shi ne tambarin da fatake suka riƙa sassaƙawa a kan duwatsun baranda, kowa da alamar gidansa.

Bayan faɗuwar jamhuriyar Venice a hannun Napoleon a 1797, ginin ya koma ofishin kwastan, daga bisani ya zama babban gidan waya na birnin. A shekarun 1930, zamanin mulkin Mussolini, aka yi masa gagarumin gyara: aka bar fuskarsa kamar yadda take, aka sake yawancin ƙashin bayansa da kankare da rodi. Saboda haka gidan da mutane ke kallo a matsayin gadon ƙarni na 16, cikinsa na ƙarni na 20 ne. Sai dai a wannan zamanin ne ya zama na kowa da kowa. Tsoho mai karɓar fansho da yarinyar da aka aika kai wasiƙa, duk ta tsakar gidan nan suke ratsawa.

A 2008 iyalan Benetton, masu sana'ar tufafi, suka sayi ginin a kan Yuro miliyan 53, suka damƙa aikin gyaransa ga kamfanin OMA na Rem Koolhaas, masanin tsara gine-gine ɗan ƙasar Holan. Shirin farko ya ƙunshi kafa matakala mai tafiya da lantarki a tsakar gida da kuma sauya fasalin rufi domin a sami dandamalin shan iska. Nan take ƙura ta tashi. Ƙungiyar kare kayan tarihi ta Italia Nostra da masanin tarihi Salvatore Settis suna cikin waɗanda suka yi tir da shirin, suna ganin ana sayar da gadon gari ga mai kuɗi. Hujjar masu tsarin kuwa ita ce ginin da aka riga aka cika da kankare ba za a ce taɓa shi saɓo ne ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, hukumomi suka tilasta a rage shirin.

Abin da aka samu a ƙarshe ya fi shirin farko natsuwa. An bar tsakar gida a buɗe kamar dandalin unguwa, matakalar lantarki aka mayar da ita gefe, aka yi mata jan launi domin kada kowa ya ɗauke ta tsohuwa. An fasa bango aka fitar da wata babbar kafa mai siffar baka, ta yadda mai hawa zai hangi tsakar gida, ya kuma ga bulo da kankare a tsiraice, shaidar gyare-gyaren baya. A saman tsakar gida aka shimfiɗa daɓen ƙarfe da gilashi wanda ya zama zauren taro, a kan rufi kuma aka yi dandamalin katako da aka riƙa hangen birnin daga kansa kyauta. Jamie Fobert na Ingila ya tsara shagunan ciki, inda haja ta koma ɗakunan da ke bayan baranda kamar yadda take a zamanin fatake. Ƙa'idar aikin a fili take: sabo ya bayyana kansa a matsayin sabo, tsoho a bar shi da tabonsa.

Ta wata fuska, gidan ya koma sana'arsa ta asali, domin da ma don baƙi da ciniki aka gina shi, kuma masu magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta wata fuskar kuma akwai hasara. A 1951 mazauna tsohon birnin Venice sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Garin da mutanensa ke raguwa haka ya rasa wurin da yake biyan buƙatunsa na yau da kullum, ya sami kantin da akasarin hajarsa ta fi ƙarfin aljihun ɗan gari. Fataken dā dole ce ta kawo su, domin ba su da wata ƙofar samun kayan gabas da ta fi wannan. Masu yawon buɗe ido kuwa ganin dama ke kawo su.

Wannan bambanci bai daɗe ba ya bayyana. Ambaliyar Nuwamban 2019 da annobar korona ta 2020 sun tsayar da baƙi, ciniki bai koma yadda ake fata ba. A Nuwamban 2024 kamfanin DFS, wanda ke gudanar da kantin a ƙarƙashin rukunin LVMH na Faransa, ya sanar da cewa zai rufe shi saboda hasara, lamarin da ya shafi ma'aikata fiye da 200. Kantin bai cika shekara goma ba, a gidan da ya kusa shekara ɗari takwas.

Duk da haka ba za a ce masu adawa sun yi aikin banza ba. Saboda tsayin dakansu ne tsakar gida ta tsira a buɗe, baranda ta tsira da tambarin fatake, ginin ya kasance a shirye ya karɓi wani aiki dabam. Darasin da tarihin Fondaco ya bari ga duk mai shirin zuba sabuwar haja a tsohon gini shi ne ya ɗauki kansa ɗan haya, ko da shi ya biya kuɗin gidan. Jamusawa sun sauka sun tashi, haka 'yan kwastan, haka ma'aikatan gidan waya, haka masu turare. Gwargwadon abin da kowannensu ya bar wa na bayansa, gwargwadon alherin da za a tuna shi da shi.