Tantance Ƙwanson Dinofilajelat a Duwatsun Nijar da Arewacin Najeriya

Dinofilajelat halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, galibi a teku take rayuwa, tana iyo da 'yan bulalai biyu. A wani mataki na rayuwa, wasu jinsunanta kan lulluɓe kansu da ƙwanso mai tauri, su nutse cikin laka su kwanta. Idan lokaci ya yi sai halittar ta fasa ta fice, ƙwanson ya saura. Yawanci faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma mafi tsufan da aka gano sun kai shekaru miliyan 240.

Ba a kowace ƙasa ake samunsa ba. A Tsauni, cikin ƙasar Matamaye, rairayi ne a sama, wanda iska da ruwa suka tara ba da jimawa ba. Manyan duwatsun birnin Damagaram kuwa daga narkakken dutse suka daskare, don haka ba su riƙe burbushin komai ba. Sai an nufi inda teku ta taɓa kwanciya, domin a ƙarshen zamanin Kiritashiyos wani reshen teku ya ratsa Sahara. Shi ya bar laka mai falle-falle ta Dukamaje a ƙasar Sakkwato, da ta Fika a kwarin Borno, da ta Yogou a ƙarƙashin kwarin Termit, yankin da ake haƙo man Agadem da matatar SORAZ ta fara tacewa a 2011.

A ɗakin bincike ana daka ɗan dutsen, a zuba masa asid mai cinye farar ƙasa, sannan wani mai narkar da yashi. Abin da ya rage, ɗan baƙin gari a gindin rariya, shi ake shafawa a gilashi a duba da madubin ƙara girma.

A nan ne gardama take. Abin da ido ke fara gani shi ne ƙayoyin da ke jikin ƙwanson, kuma su suka daɗe suna ruɗa masana. Wani masani mai suna Ehrenberg ya ga irin waɗannan a cikin dutsen ƙyastu tun shekarun 1830, amma masu ƙayar cikinsu sun zauna ba a san danginsu ba har 1961, lokacin da William Evitt ya nuna cewa ƙwanson dinofilajelat ne. Hujjarsa biyu ce: ƙofar da halittar ta fita, da tsarin faifan da suka rufe jikinta kamar ƙwaryar kunkuru, wanda ƙwanson ke ɗauke da sawunsa. Ƙofar tana da wuri da siffa sanannu, ko a ka ko a gefe, gwargwadon faifan da ya ɓalle. Tsawon ƙaya kuwa ba shi da tabbas: a jinsin Lingulodinium machaerophorum yana sauyawa da yawan gishirin ruwa. Wanda ya raɗa suna bisa ƙaya kawai yana iya raba jinsi ɗaya gida uku. Ƙofa da faifai su ya kamata a sa a gaba, ado ya biyo baya.

Akwai kuma matsalar suna biyu, inda, alal misali, ƙwanso ke amsa sunan Spiniferites alhali halittar da ta yi shi Gonyaulax ce.

Amfanin wannan ƙwaƙƙwafi a rijiyar mai yake bayyana. Jinsunan Dinogymnium sun ƙare tare da zamanin Kiritashiyos, shekaru miliyan 66 da suka wuce, saboda haka inda aka fara cin karo da su ana haƙa ƙasa, an san an shiga duwatsun wancan zamani. Andalusiella da Senegalinium, wanda aka raɗa wa sunan Senegal a 1973, alamar teku mai ɗumi ne ta yankin zafi. Kuskuren suna ɗaya kan karkatar da lissafin shekarun shimfiɗar dutse gaba ɗaya. Ya dace Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta horar da ɗalibai a wannan fanni, domin 'yan ƙasa su riƙa karanta duwatsun Termit da idonsu.