Yadda Birnin Ƙwanni Ya Koma Hannun Faransa

A wannan takarda muna so mu nuna cewa ƙishirwa ce ta fitar da Birnin Ƙwanni daga rabon Ingila. Yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila ƙasar da ke cikin mil 100 daga Sakkwato, har da Ƙwanni. Wannan ya tilasta wa Faransawa bin hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi idan za su Damagaram. Saboda haka a 1904 suka sarayar da wasu haƙƙoƙin masuntansu a gaɓar tsibirin Niyufanlan, aka gusa da iyaka kudu, aka kuma tabbatar da ita a 1906. Ta haka ne Ƙwanni ta faɗa Nijar, Illela kuwa Nijeriya, alhali mutanensu dangin juna ne.