Tarihin Zinariyar Hijaz da Farin Dutsen Marwu

Ya ku dattawa da samarin zango, mu da ke zaune a Kudai cikin Makka, duwatsu ne suka kewaye mu, amma kaɗan daga cikinmu suka san labarin abin da ke cikinsu.

A jikin duwatsun Hijaz akan ga wani farin layi ya ratsa baƙin dutse kamar jijiya. Wannan ita ce ƙanƙarar dutse, wadda Larabawa ke kira marwu, daga nan ne ma dutsen Marwa ya sami sunansa. Masana sun ce tun zamani mai nisa ruwa mai tsananin zafi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya bi tsagogin dutse. Da ya huce, sai ya bar ƙanƙara a ciki, wani lokaci tare da zinariya da azurfa.

Mutanen dā sun san haka. Tsakanin Makka da Madina akwai Ma'adinin Banu Sulaim, wanda yau ake kira Mahduz Zahab, a kan hanyar Zubaida da alhazan Iraƙi ke bi. Zamanin Banu Umayya da na Abbasiyawa an bi jijiyoyin nan da guduma, ana niƙa dutsen a kan maniƙa. Har akwai dinarin shekara ta 105 bayan Hijira mai ɗauke da sunan ma'adinin Sarkin Musulmi na Hijaz. Daga baya aka watse, ramukan suka zama kufai.

Cikin 1932 wani Ba'amurke, Karl Twitchell, ya duba wurin bisa umarnin Sarki Abdul'aziz. Bai ruɗu da farin dutse ba, sai da ya ɗebi samfuri aka auna. Aka kafa kamfani a 1934, amma zinariya ba ta fara fita ba sai 1939, har da wadda aka tace daga tarkacen da mutanen dā suka zubar. Aka rufe a 1954, aka sake buɗewa a 1988.

To, ga abin lura. Tsofaffin ramuka a ƙasar nan ɗaruruwa ne, amma 'yan kaɗan ne suka biya wahalar mai haƙa. Don haka masu binciken ƙaramar jijiya sukan fara yanka kwalbati a gicciye, su auna faɗinta da tsawonta, sa'an nan su huda ƙasa da injin su ga zurfinta, su san giram nawa ke cikin kowane tan. Sau da yawa sai a tarar jijiyar ta tsinke kusa.

Samari, ku da ake kira zuwa ramukan zinariya, ko ake ce muku ku zuba kuɗi, ku tambayi awo tukuna. Ku tuna da Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Allah Ya ba mu arziki mai albarka, amin.