Tsufan Zabiya: Barmani Choge da Matan da Suka Riƙe Amada

Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta rasu a watan Maris na 2013, amma duk inda masu son waƙarta suka haɗu akwai tambayar da ba ta rasa tasowa: wace Barmani ce ta fi, ta kaset ɗin farko mai murya garau, ko ta shekarun ƙarshe da murya ta yi kauri, numfashi ya gajarta, har 'yan amshi ke ɗauke mata rabin nauyi? Mai auna waƙa da ma'aunin situdiyo zai ce ta farko, ba tare da ya tsaya tunani ba. Ni ina ganin matan da suka fi son ta ƙarshe su ne suka fahimci abin da suke saurare, kuma hujjarsu tana cikin tarihin amada kanta. Sana'a ce da aka gina ta yadda shekaru za su ƙara wa mai yin ta iko. Abin da tsufa ya rage wa zabiya a maƙogwaro, al'ada ta mayar mata da ninkinsa a izinin magana.

Sai an koma inda kiɗan ya tashi kafin a ga haka. Amada kiɗan cikin gida ne, na matan da ke zaman kulle, waɗanda ba su zuwa dandali kallon kalangu ko dambe. Kayan kiɗanta ma daga madafa aka ɗauko su. A kife ƙorai manya da ƙanana a ƙasa, a zuba ruwa a babban masaki ko baho a kifa wata a kai, wannan ita ke ba da amon nan mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Masu kiɗa na zaune sun miƙe ƙafa da 'yan sandunansu, zabiya na tsaye tana bayarwa ana karɓa, mai guɗa na jiran gaɓar da za ta shiga, uwar biki kuma ta kwance bakin zane tana liƙi. Manazarta na danganta asalin amada da begen waliyyai da matan ɗariƙar Ƙadiriyya ke yi a tsakaninsu, daga baya ta zarce zuwa wunin biki da suna, ta koma zancen duniya. A Kano sunan Uwaliya Mai Amada ne ya fi fita a wannan sauyi. Abin lura a nan shi ne taron na mata ne zalla, kuma a taron mata akwai tsari sananne na wadda ke magana da wadda ke sunkuyar da kai.

Wannan tsari kuwa shekaru ne ke yanka shi. Amarya ba ta faɗin sunan miji, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaga murya gaban surukai. Kunya ce adonta, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidansu. Amma da ta aurar da 'ya'ya ta ga jikoki, sai a sassauta mata. Kaka ce ke wasa da jika har ta kira shi miji. Ungozoma ce ke faɗa wa mai jego abin da uwarta ba za ta iya faɗa ba. Gwaggo ce ake turawa ta yi wa amarya huɗubar zaman aure a daren kai ta. Ko a fagen ilimi haka abin yake. Lokacin da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su ne ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma da shi a waƙe. Ba a rasa 'yan mata masu murya ba a lokacin. An dai san cewa wadda za ta yi tafiya ba a zarge ta ba, ta yi magana a karɓa, ita ce wadda ta manyanta. Zabiyar amada ta gaji wannan matsayi, ko da yake abin da take ɗauke da shi ya sha bamban da na jaji.

An haifi Barmani a 1948 a Gwaigwayi ta ƙasar Funtuwa, kuma garin ya yi tasiri a bakinta. Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa tun ƙarshen shekarun 1920, mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, matattarar direbobi da 'yan kamasho da fatake, inda Mamman Shata ma ya yi zama mai tsawo. A irin wannan gari ba a cika lulluɓe magana ba. Jigoginta sanannu ne: kishi da zaman kishiya, haihuwa da alfahari da yawan 'ya'ya, surar jikin mace, zuwa Makka, da kuma kiran da ta yi ta nanatawa cewa mace ta kama sana'a. A "Sakarai Ba Ta Da Wayo" zambo take yi wa macen da ba ta iya zaman duniya ba. To a duba waɗannan jigogi ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kai wa ya cancanci ya faɗe su. Idan yarinya 'yar shekara ashirin ta tsaya gaban matan aure tana koya musu yadda ake zama da kishiya, dariya za a yi mata, wata ma ta ce ta je ta fara haihuwa tukuna. Idan ta yi waƙar jikin mace, a ce ba ta da kunya. Amma idan Hajiya ce, mai 'ya'ya da jikoki, wadda ta ga jiya ta ga yau, kalmomin nan dai su ne ke zama nasiha, zambon ya zama gyara kayanka, waƙar jiki ta zama raha irin ta kaka. Baitin bai canza ba, mai faɗinsa ce ta kai matsayin da za a karɓa daga gare ta.

Kaset ne ya fitar da wannan murya daga tsakar gida. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, amma maza irin su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya ne suka fi cin moriyarsa. Da rikoda ta yaɗu daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin ƙarin albashin Udoji, sai ya zama mace na iya mallakar kiɗan biki ta kunna a ɗakinta ranar da babu biki. Ta haka amada ta kai garuruwan da ke nesa da Funtuwa da Kano, irin su Bena a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, gari na kasuwa kusa da iyakar Zamfara da Neja. Ƙasar Zuru ƙasa ce mai harsuna da yawa, ga Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Fulani, kowa da waƙoƙinsa na niƙa da na bukukuwa irin su Uhola, amma Hausa ce harshen ciniki. Mai tuyar ƙosai da mai fura da mai dakau ba sai an fassara musu kiran a kama sana'a ba, don a cikinta suke kwana suke tashi. Kuma tun da kaset ba ya zuwa da kwanan wata, yawancin masu saurare a irin waɗannan garuruwa Barmanin da suka fara sani ita ce wadda ta riga ta zama Hajiya.

A nan ne ya kamata a gyara wani zato da aka aro daga waje, cewa mawaƙi na da kundin farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowanne da sababbin waƙoƙi. Makaɗan baka ba haka suke aiki ba. Waƙa guda suke ɗauka su yi ta yawo da ita shekara da shekaru, amshi na nan daram, baitoci kuwa suna shiga suna fita. Yau a saka sunan uwar bikin Gusau, gobe a cire a saka ta Kaduna, a ƙara habaicin da ya tayar da guɗa, a yar da wanda bai karɓu ba. Saboda haka ɗaukar da aka yi a ƙarshen rayuwa ita ce wadda ta bi ta kunnuwan dubban mata suka tace ta da liƙinsu da shirunsu. Tukunyar ƙasa ce, sai ta sha wuta take daɗin miya.

Za a ce ai murya ta tafi, kuma gaskiya ne murya na tafiya. Sai dai a amada zaƙin murya bai taɓa zama jari na farko ba. Abin da ake biya shi ne iya saka magana a gaɓar kiɗa, sanin lokacin da za a yi shiru a bar ƙwarya ta yi magana, da karanta taro: wace ce uwargida, wace ce amarya, wace ce ta zo da fushi. Waɗannan duk da shekaru suke ƙaruwa. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba. Ummu Kulsum ta Masar tana wajen shekara sittin ta fara aiki da Muhammad Abdulwahab a 1964, kuma waƙoƙin wannan zango na cikin waɗanda Larabawa suka fi riƙewa. Tina Turner ta Amurka tana da shekara 44 ta fitar da Private Dancer a 1984, bayan kamfanoni sun ɗauka ta gama yayi, masoyanta kuma suka ji tarihin wahalarta a cikin kaushin muryar. Bambancin shi ne Tina sai da ta yi kokawa da kasuwa kafin a saurare ta da furfura, a amada kuwa kujerar na nan ajiye tana jiran ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta masu cewa bai dace dattijuwa, Hajiya guda, ta tsaya tana ambaton abin da ake sakayawa ba, kuma tsufa kamata ya yi ya kai mutum ga tasbaha. Wannan magana ta ƙara ƙarfi bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi irin su Kebbi da Kano suka bi, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Ban ɗauki masu wannan ra'ayi da wasa ba, domin akwai baitocin da ba za a so yaro ya haddace ba. Amma a tuna wa aka yi wa waƙar. An yi ta ne don taron da babu namiji, inda irin wannan magana ke aikin da huɗubar gwaggo ke yi. Na'ura ce ta kai ta tasha da shagon mai shayi, ta sa a kunnen da ba don shi aka yi ba. Wanda ya leƙa ɗakin mata ya ji abin da bai so ba, da wuya a ce laifin masu ɗakin ne kaɗai. Sa'annan mai wannan suka yakan manta cewa bakin nan dai shi ne ya yi shekaru yana hana mata zaman jiran miji ya kawo kuɗin gishiri, aikin da hukumomi ke kashe maƙudan kuɗi a kansa da sunan koyar da sana'a.

Wasu kuma za su ce ƙaunar tsohuwar Barmani kewar ƙuruciya ce kawai, kowa na son abin da ya ji a bikin yayarsa. Da haka ne, da ta ɓace tare da rikoda. Ga shi kuwa fiyano ya mamaye waƙar Hausa tun zamanin fim ɗin Sangaya, mawaƙa mata irin su Fati Nijar da Maryam Sangandale sun yi tashe, wayar hannu ta zo a 2001, amma masu tura waƙa a bakin kasuwa ba su daina zuba Barmani a memori ba, kuma cikin masu nema har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da ta fara.

Sukar da ba ta da amsa mai daɗi ita ce ta kuɗi. Liƙi a wurin biki yana shiga hannun zabiya nan take, amma kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, da waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, ba sa mayar mata da ko sisi. Yawan masoya ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfin zuwa biki ke raguwa, wato ƙaunar ta fi yawa a lokacin da ta fi arha. Haka kuma ba a adana aikin yadda ya kamata ba. Beverly Mack ta yi nazarin waƙoƙin matan Hausa a littafinta na 2004, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya rubuta ta'aziyya mai tsawo a kan Barmani bayan rasuwarta, amma ɗimbin ɗaukar da aka yi mata a gidajen biki na nan warwatse cikin akwatuna da kwalla, zare na lalacewa. A yanki irin na Danko-Wasagu, inda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a 'yan shekarun nan, mai gudun ceton rai ba kaset zai tsaya ɗauka ba.

Don haka duk wadda ke da irin wannan kaset a Bena ko Ribah ko Zuru, musamman na bikin gida da ba a taɓa sayarwa a kasuwa ba, ta sa a juye mata shi a waya tun zaren bai tsinke ba, a rubuta garin da aka yi bikin da shekarar in ana tune. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero kuma su tura ɗalibai su bi gida gida su karɓa, su fara da na shekarun ƙarshe.