Dukan Mai Tsaron Raga: Dabara ko Mugunta?

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, na san da yawanku ba ku manta ranar da na ɗirka wa abokina ƙwallo a goshi a filin tanis na makaranta ba, muna aji biyar. Yana tsaye dab da raga, ni kuwa na auna shi da gangan. Sai da ya yi zango guda ba ya gaishe ni. Wannan ne ya sa na bi diddigin tarihin wannan dabara.

Dokar tanis ba ta hana ba. Idan ƙwallo ta taɓa jikin ɗan wasa kafin ta faɗi ƙasa, shi ne ya yi asarar maki. Kuma wanda ya matso raga ya toshe hanyoyin dama da hagu, lokacin da yake da shi na kare kansa kaɗan ne. Duk da haka, a zamanin da ake buga wasa da raket na katako, ana ɗaukar auna mutum a matsayin rashin ladabi.

Wanda ya fito da abin fili shi ne Ivan Lendl, mutumin Cekoslobakiya. A watan Janairun 1982, a gasar Masters ta birnin New York, ya dirka wa Vitas Gerulaitis ƙwallo a goshi har ya faɗi. Lendl ne ya ɗauki kofin. A shekarun nan ne kuma raket masu ƙarfi suka maye gurbin na katako, ƙwallo ta ƙara gudu, matsowa raga ta zama kasada. Bayan shekara 30, a 2012, Andy Murray, wanda Lendl ke horarwa a lokacin, ya bugi Jo-Wilfried Tsonga a Wimbledon a wasan kusa da na ƙarshe.

To, ina gaskiya take? A ganina, wanda ya zo raga ya san abin da ya tara. Amma gwanaye kan auna ƙugu ko ƙafa, inda mayar da ƙwallo ke da wuya, sa'annan su ɗaga hannu su ba da haƙuri. Ni ban yi ko ɗaya ba, dariya ma na yi. Malaminmu na wasanni ya ba ni makin, amma bai yaba mini ba.

Abokina, in wannan mujalla ta iso hannunka, ga hannuna na ɗaga, ko da yake a makare.